Kumburi da Ɗingishi a Doki: Jagorar Mai Barga Kafin Ya Ɗauki Sirinji

Duk mai ajiye doki a Garwa, Marwa, Kusuri ko Njamena ya san kwalbar nan da ake ɓoyewa a lungun barga, wadda ake ɗaukowa da zarar doki ya fara ɗingishi ko ya juya wa dusa baya. A tsira masa allura da yamma, da safe a tarar da shi yana haniniya yana tonon ƙasa, sai a ce magani ya ci. Sau da yawa ciwon ne kawai ya yi shiru, cutar tana nan daram. Magungunan kashe kumburi rahama ce ga doki, kuma ba na son ganin dabba tana shan azaba alhali akwai abin da zai sauƙaƙa mata. Sai dai a jikin doki, tazarar da ke tsakanin awon da ke taimako da awon da ke cinye hanji da ƙoda 'yar kaɗan ce, zafin ƙasarmu kuma yana ƙara matse ta. Likitocin dabbobi sun shafe shekaru suna gwaji a kan wannan, kuma abin da suka gano ya isa ya shiryar da mai barga mataki-mataki.

Abin da maganin ke yi a cikin jiki

Kumburi hanya ce da jiki ke kare kansa. In nama ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shiga, jijiyoyin jinin wurin sai su buɗe, ruwa da fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi. Shi ya sa wurin yake tasawa, ya yi zafi, ya yi ciwo, gaɓar ta kasa aikinta. Ciwon ne ke hana doki taka ƙafar da ke bukatar hutu.

A 1971 wani masani a Landan, John Vane, ya gano cewa asfirin da danginsa suna aiki ne ta hanyar hana jiki sarrafa wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, aikin da ya samo masa kyautar Nobel a 1982. A farkon shekarun 1990 aka gane cewa masu ƙera waɗannan sinadarai iri biyu ne, COX-1 da COX-2. Na biyun shi ne ke tashi in an ji rauni, ya hura kumburi da ciwo. Na farkon kuwa aikin yau da kullum yake yi: shi ke kula da yauƙin da ke rufe bangon tumbi da hanji, kuma yana cikin masu riƙe hanyar jini zuwa ƙoda a buɗe sa'ad da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Tsofaffin magungunan da suka fi yawa a hannunmu, fenilbutazon da fuluniksin da ketofurofen, duka biyun suke toshewa, kamar wanda ya rufe famfon unguwa baki ɗaya don bututun gida guda ya fashe. Daga nan duk haɗarinsu ya samo asali.

Mataki na farko: duba dokin kafin magani ya rufe alamu

Da zarar allura ta shiga, zazzaɓi zai sauka, bugun zuciya zai lafa, ɗingishi zai ragu, kuma likitan da zai zo gobe zai tarar da dokin da ba ya faɗin gaskiya. Don haka sami takarda da alƙalami, ka ba abin minti goma.

Sa ma'aunin zafi a dubura, kana tsaye a gefen cinya, ba a bayansa ba. Zafin jikin lafiyayyen doki babba yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Ka auna a inuwa bayan ya huta, don dokin da ya sha rana ko ya dawo daga kilisa zai nuna sama da haka. Sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi inda wata jijiya ke ratsa ƙashi, ka ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Daidai shi ne 28 zuwa 44 a minti. Numfashi 8 zuwa 16. Ɗaga leɓen sama ka dubi dasashi: ya kamata ya zama ja-ja mai haske, da danshi, in ka danna da yatsa ya yi fari sannan launi ya dawo kafin daƙiƙa biyu. Mintsini fatar wuya ka saki. In ta tsaya a tattare tana komawa a hankali, ruwa ya yi ƙasa a jikinsa. Tambayi yaron barga yaushe dokin ya yi kashi da fitsari na ƙarshe, da yadda suke.

Sannan ƙafafu. Shafa kowace daga gwiwa zuwa kofato da bayan hannunka, kana gwada ta hagu da ta dama, domin bambancin zafi ya fi fitowa ta haka. A bayan gaɓar da ke saman kofato, gefe da gefe, akwai 'yar jijiya da in lafiya lau da ƙyar za ka ji motsinta. In ka ɗora yatsu ka ji tana harbawa ɗal-ɗal, matsalar tana cikin kofaton. Ɗaga shi, ka kankare ƙasa da kashi, ka nemi ƙusa, ƙaya, ko baƙin ɗigo mai wari.

Mataki na biyu: gane irin matsalar da ke gabanka

Dokin da ya wayi gari kwatsam ba ya iya taka ƙafa ɗaya, mafi yawan lokaci ruwan mugunya ne ya taru a cikin kofato. Maganinsa a buɗe masa hanya ya fita, a jiƙa kofaton a ruwan ɗumi da gishiri, a ɗaure da tsumma mai tsabta. Kwalba goma ta maganin kumburi ba za ta fitar da mugunyar ba. In ƙusa ce ta shige, a nemi allurar kariyar tetanus a ranar, domin doki na cikin dabbobin da cutar nan mai sandarar da jiki ta fi saurin kamawa. In kuwa ƙafar na lilo ko kana jin ƙashi na gogar ƙashi, kada ka ja shi ko taku ɗaya, kira likita.

Ciwon ciki ya fi kowanne yaudara. Doki na waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa, yana kwanciya yana tashi, yana birgima. A garuruwanmu, leda da yashi da busasshiyar harawa ba tare da isasshen ruwa ba su ne kan gaba wajen toshe hanji. Fuluniksin yana kwantar da wannan ciwo sosai, har ya iya ɓoye hanjin da ya murɗe yana mutuwa. Ƙa'idar ita ce awo ɗaya, bayan an rubuta alamu, a janye abinci, a sa ido. In ciwon ya dawo cikin awa ɗaya ko biyu, ko bugun zuciya ya haura 60, ko dasashi ya yi duhu, ko ciki na ƙara kumbura babu kashi, to abin ya wuce na barga. Kada a sake allurar kafin awa 12. Kuma ina roƙon masu dawaki su daina ɗura man gyaɗa ta hanci ko ta baki da kwalba. In ya bi hanyar huhu, ya zama wata cutar da ta fi ta farko.

Zazzaɓi alama ce, dole a nemo mai shi. A tudun Adamawa akwai sammoren ƙudan tsando, a yankunan sahel akwai irin wanda manyan ƙudaje masu cizo ke yaɗawa; duka suna kawo rama da kumburin ƙasan ciki. Cutar kaska tana mai da dasashi rawaya, fitsari ya yi duhu. Bayan ruwan damina, in ka ga ramin da ke saman idon doki ya cika ya tasa, ga zazzaɓi, ga haki, wani lokaci da kumfa a hanci, ka yi zargin annobar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa da dare, ka kai rahoto ofishin dabbobi mafi kusa. Ɗigon jini a ɗakin gwaji yana raba gardama a yawancin waɗannan. A Kamaru muna da LANAVET, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na ƙasa, a Bokle kusa da Garwa, akwai makarantar likitancin dabbobi a Jami'ar Ngaundere, a Cadi kuma akwai IRED, cibiyar binciken kiwo, a Farca, cikin Njamena. Malamin dabbobi na yankinka ya san hanyar aika samfur.

Ƙuraje da suka jeru kamar carbi a ƙafa ko ƙirji, suna fashewa da mugunya, cuta ce ta wani nau'in fangas mai bin hanyoyin ruwan jiki, kuma tana yaɗuwa ta kayan doki da ƙudaje. A ware dokin, kuma a nisanta shi da deksametazon, wani maganin kumburi mai ƙarfi na dangin kotizon, don yana raunana garkuwar jiki. Haka idon da ya rufe yana hawaye: kada a ɗiga masa maganin ido mai kotizon sai likita ya tabbatar babu ƙarzuwa a ƙwayar idon.

Mataki na uku: ruwa a ciki, ruwa a waje

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne na fi damuwa da shi. A 1983 masu bincike biyu a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka, Gunson da Soma, suka gwada dawaki kashi uku. Waɗanda aka ba fenilbutazon suna shan ruwa, ƙodarsu lafiya. Waɗanda aka hana ruwa ba tare da magani ba, su ma lafiya. Waɗanda aka haɗa musu magani da ƙishirwa kuwa, tsakiyar ƙodarsu ta mutu. Ka ɗauki wannan sakamako ka kawo shi Marwa a watan Afrilu, zafi ya haura 40, doki ya yini a turke ko a gaban amalanke, rijiya ta ja baya. A 'yan shekarun nan ma ƙaramar salla a Maris da Afrilu take faɗowa, daidai lokacin da dawakin hawa suka fi shan aiki.

Doki a hutu cikin sanyi yana shan kamar lita 5 ga kowane kilo 100 na nauyinsa a rana. Da zafi da aiki abin na iya ninkawa biyu ko uku. Dokin kilo 300 a bazara ka tanadar masa jarka biyu masu lita 20, ruwan ya kasance a gabansa dare da rana, ga gishiri a gefe. In fatar wuya ba ta komawa, dasashi ya bushe, fitsari ya yi kauri ya ragu, a fara gyara ruwan jiki tukuna. In ya ƙi sha, aikin likita ne ya sa masa ta bututu ko ta jijiya. Maganin ya jira.

Ta waje kuma, sabon kumburi na targaɗe, bugu ko agarar da ta ja, ruwan sanyi yake so a kwana biyu zuwa uku na farko: a riƙa kwarara shi a kan wurin na minti 20, sau biyu ko uku a rana. Ruwan randa ya fi na tankin da ya yini a rana. Wanda ke kusa da Binuwai, Logon ko Shari yana iya tsayar da dokin a bakin ruwa mara zurfi, matuƙar babu buɗaɗɗen rauni. Lalas da tsaga da shafa man juye a kan sabon kumburi ƙarin rauni ne kawai.

Akwai wata cuta da ta cancanci a tsaya a kanta, kumburin cikin kofato. Tsakanin ƙashin ƙarshe na ƙafa da ƙoƙon kofato akwai wasu siraran ganyayyakin nama da suka sarƙe juna, su ke ɗauke da nauyin doki duka. In suka kumbura suka saki, ƙashin sai ya juya ko ya nutse. Babban abin da ke jawo shi a wurinmu shi ne cika wa doki dawa ko gero farat ɗaya, musamman in salla ta matso ana son ya yi ƙiba ya yi sheƙi, ko in ya kwance ya faɗa wa buhu da dare. Goɗiyar da mahaifa ta maƙale mata bayan haihuwa, da dokin da ya yi mummunan zawo, su ma suna cikin haɗari. Za ka gan shi ya miƙe ƙafafun gaba can gaba, ya tattaro na baya ƙarƙashin ciki, ya jingina baya, yana ɗaga wannan ƙafa yana ajewa yana ɗaga waccan, in ka ja ragama ya tsaya ƙyam. Kofato da zafi, jijiyar nan na harbawa. A 2004, van Eps da Pollitt na Jami'ar Kwinsland a Ostireliya suka jawo cutar a jikin dawaki shida, suka tsoma ƙafa ɗaya ta kowanne a ruwan ƙanƙara na awa 48; ƙafar da ta sha sanyi ta tsira da ɗan abin da ba a rasa ba, sauran suka kamu. Ma'anarsa gare ka: ranar da doki ya ci hatsi fiye da kima, kada ka jira ɗingishi. Aika a sayo ƙanƙara wurin masu firiza, a sa ƙafafun a bokiti ko a cikin tsohon tub na taya, ruwa da ƙanƙara har zuwa ƙasan gwiwa, ana ƙara ƙanƙarar tana narkewa. A shimfiɗa masa yashi mai laushi, a ɗauke hatsi kwata-kwata, a daina jan sa yawo.

Mataki na huɗu: auna nauyinsa

Awon da aka rubuta a kwali sau da yawa na dokin Turai ne mai kilo 450 zuwa 500. Dawakinmu ba su kai haka ba. Da yawa suna wajen kilo 300 zuwa 350, ƙurun Musai na bakin Logon kuwa ya gaza haka nesa. Wanda ya ba dokin kilo 300 awon mai kilo 500 ya zarce da kashi biyu cikin uku, kullum.

Ari awon tela. Zagaya ƙirji daidai inda majayi ke zama, ka rubuta santimita. Auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. Ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,877. Misali zagaye 160, tsawo 140: 160 sau 160 sau 140, a raba, ya ba da kusan kilo 302. Kalkuletar waya ta isa. Rubuta lambar a bangon barga.

Mataki na biyar: magani ɗaya, awo daidai, kwanaki kaɗan

Lissafin da ke biye na dokin kilo 300 ne. Ka duba ƙarfin da aka rubuta a kwalbarka, don kamfanoni na bambanta, kuma ka bar likita ya yanke wanda ya dace.

Fenilbutazon shi ne na ciwon gaɓoɓi, agara da kofato; yana da araha, ana samunsa a gari cikin 'yan fakiti irin Equipalazone, ko a ruwan allura. Ranar farko ana iya ba da miligiram 4.4 ga kowane kilo sau biyu, daga nan a sauko zuwa 2.2 safe da yamma na 'yan kwanaki, sannan sau ɗaya a rana. Ga dokinmu, 2.2 na nufin miligiram 660, wato kashi biyu cikin uku na fakiti mai giram ɗaya, ko mililita 3.3 na ruwa mai miligiram 200 a kowace mililita.

Fuluniksin, wanda aka fi sani da Finadyne ko Banamine, shi ne na ciwon ciki, zazzaɓi da kumburin ido: miligiram 1.1 ga kilo, wato mililita 6.6 na ruwa mai miligiram 50 a kowace mililita, sau ɗaya a rana, kada ya wuce kwana biyar. Ketofurofen 2.2 ga kilo ta jijiya, shi ma sau ɗaya a rana zuwa kwana biyar. Meloksikam, irin Metacam, 0.6 ga kilo sau ɗaya a rana, miligiram 180 ke nan. Firokoksib, mai suna Equioxx, 0.1 kacal ga kilo. Waɗannan biyun na ƙarshe sun fi karkata ga toshe COX-2, shi ya sa suka fi sauƙi ga tumbi da hanji. Gwaje-gwajen Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa sun nuna fuluniksin na jinkirta farfaɗowar bangon ƙaramin hanji da ya rasa jini, su kuwa ba su yi haka ba. Amma ga dokin da ke fama da ƙishirwa, su ma ƙoda ba ta tsira daga gare su ba.

Yanzu ga kurakurai biyu da bincike ya riga ya yanke wa hukunci. Na farko, ƙara awo don a ga aiki da sauri. A Jami'ar Jihar Oklahoma, a 2005, aka gwada dawaki masu daɗaɗɗen ɗingishi da fenilbutazon, miligiram 4.4 ga kilo a rana da kuma 8.8 a rana. Ninkin bai rage ɗingishin fiye da ƙaramin awon ba. A wannan jami'a dai, a 1993, MacAllister da abokan aikinsa suka ba dawaki magungunan nan uku sau uku a rana na kwana 12, suka tarar fenilbutazon ya fi ɓarna, sai fuluniksin, sai ketofurofen: gyambo a baki da tumbi, lalacewar ƙoda, raguwar furotin a jini. Na biyu, haɗa biyu. Wani gwaji a Jami'ar Misuri a 2006 ya haɗa fenilbutazon da fuluniksin na kwana biyar kawai, furotin ɗin jini ya faɗi, doki ɗaya ya mutu da kumburin hanji. A wurinmu haɗin yakan faru ba da gangan ba: mai doki ya ba da gari da safe, yaron barga ya kira wani ya yi allura da rana, maƙwabci ya kawo diklofenak na mutane da dare. Mutum ɗaya ya riƙe maganar magani, kuma komai ya shiga takarda.

Deksametazon da sauran dangin kotizon wani gida ne dabam. Suna da ƙarfi, suna da wurinsu, kamar borin jini, cizon ƙwari da asmar dawaki, amma suna danne garkuwar jiki, suna jinkirta warkewar rauni, kuma ana tsoronsu ga dokin da ke da ƙiba ko ya taɓa ciwon kofato. Akwai kwalaben da suka haɗa shi da fenilbutazon wuri ɗaya. Karanta abin da ke ciki kafin ka saya.

Taramol kuma ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Ba ya kashe kumburi, kuma in an ba doki ta baki kaɗan ƙwarai ke isa jini. Yawan ba dabbobin aiki shi a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru ya kai ga masu bincike a 2014 suka gano cewa taramol ɗin da aka samu a saiwar tafashiya, har aka zaci itacen ne ke yin sa, daga fitsari da kashin dabbobi da mutane ya shiga ƙasa.

Mataki na shida: hanyar bayarwa

Ta baki ta fi aminci ga mai barga. Dama garin da ɗan zuma ko ruwan sukari, ka zuba a sirinji marar allura, ka sa ta gefen baki inda babu haƙora, ka matsa a bayan harshe, ka ɗan ɗaga haɓa har ya haɗiye. Fenilbutazon yana manne wa busasshiyar ciyawa a ciki ya jinkirta aiki, don haka in ka ga bai nuna da wuri ba, kada ka ƙara. Ruwan allurar fuluniksin ma likitoci kan ba da shi ta baki a awo guda, yana shiga jini da kyau.

Ruwan fenilbutazon jijiya kaɗai yake shiga. In ya zube a gefenta, wuya sai ya kumbura ya yi tauri kamar katako, bayan kwanaki fata ta ruɓe ta zube ta bar rami, jijiyar kanta ta toshe har abada. Ƙarƙashin jijiyar wuya kuma akwai babbar hanyar jini mai zuwa ƙwaƙwalwa. In allura ta zarce cikinta, doki na iya faɗuwa nan take yana shure-shure. Wanda bai koya a hannun likita ba ya bar wannan aiki. Fuluniksin a tsoka, ko da wasu kwalabe sun halatta, an sha ganin ya tada ƙwayoyin cuta masu ruɓar da nama. Wurin ya kumbura, in ka danna ka ji iska na ƙaras-ƙaras ƙarƙashin fata, kuma doki na iya mutuwa cikin kwana biyu. Sabuwar allura ga kowane doki, kowane lokaci.

Sayi magani a kantin magungunan dabbobi mai rajista. Kwalbar da ta yini a tire cikin ranar kasuwa, ko wadda ba ta da lambar rukuni da ranar ƙarewa, ba ka san abin da ke cikinta ba. Yawancinsu an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, abin da ɗakin kwano a bazara ba zai ba ka ba. Nemi ɗakin ƙasa mai sanyi.

Mataki na bakwai: sa ido kowace safiya

Muddin doki na kan magani, duba abu biyar kafin ka ba da awon ranar: ya cinye abincinsa, ya sha ruwa nawa, yaya kashinsa, akwai gyambo a leɓe ko harshe, akwai kumburi mai laushi a ƙasan ciki ko mazakuta wanda in ka danna yatsa ke barin gurbi. Wannan na ƙarshe, tare da zawo da ɗan ciwon ciki mai zuwa yana tafiya, alamar maganin ya ci wani sashe na babban hanji ta gefen dama, furotin na tsiyaya daga jini. A nan ne ake yin kuskuren da ke kashewa: a ga kumburi a ce ai maganin kumburi bai isa ba, a ƙara. Tsayar da shi a take, a nemi likita, a koma ciyarwa kaɗan-kaɗan da abinci mai laushi.

Dukushi, tsohon doki, ƙuru da ramammen doki sun fi saurin cutuwa. Goɗiya mai ciki sai da izinin likita. Jaki kuwa yana fitar da fenilbutazon daga jikinsa da sauri fiye da doki nesa, don haka jadawalinsa dabam ne. Dabbar da aka ba fenilbutazon ba a cin namanta, domin a jikin mutum yana iya hana ɓargo yin jini. Tarayyar Turai ta haramta shi ga duk dabbar da za a ci. Mushen da ya mutu da magani a jiki a binne shi da zurfi: diklofenak ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya da Pakistan, kuma an samu fuluniksin da ketofurofen ma na kashe su.

Mataki na takwas: komawa ƙarƙashin sirdi

Jajiberin salla, yaron barga ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar nan fa har yanzu da zafi." Maigida ya dubi kayan ado da aka riga aka shanya, ya ce, "A yi masa allura, gobe ne kawai." Na san nauyin abin, mutum ya shekara yana ciyar da ingarma don wannan rana, a gaban Lamiɗo da jama'ar gari. Amma jafi sukuwa ce a guje da tsayawa farat ɗaya a kan ƙasa mai tauri, kuma agarar da ta ɗan tsage, in aka ɗauke mata ciwon da ke tsaronta, a wannan birkin take tsinkewa, wani lokaci har da mahayin a ƙasa. Aro doki, ko a fito da shi a jaye da adonsa ba tare da an hau ba. Mai amalanken da abincin gidansa ke wuyan doki ya fi ban tausayi, amma shi ma hutun mako guda ya fi masa sauƙi a kan rasa dokin.

Gwajin gaskiya shi ne a daina magani, a jira kwana uku ya fita daga jiki, sannan a ja dokin da ragama a sassarfa a kan ƙasa mai tauri, a miƙe sannan a zagaye ta hagu da ta dama, wani na tsaye yana kallo. In ƙafar gaba ce ke ciwo, kansa zai ɗaga duk lokacin da ta taɓa ƙasa. In ya wuce wannan, a fara da tafiya a jaye minti goma safe da yamma, ana ƙara minti biyar kowane mako, ana shafa ƙafar da hannu bayan kowace fita. In zafi ko kumburi ya dawo, a koma matakin baya. Ƙaramin targaɗe kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Agarar da ta tsage tana bukatar wata shida zuwa shekara kafin sukuwa, dokin da ya yi kumburin cikin kofato kuma sai sabon kofato ya sauko daga sama har ƙasa, wanda ke cin wata tara zuwa goma sha biyu, ana gyara masa shi kowane mako huɗu zuwa shida.